Romon Dutse

Wanda ya bar Damagaram ya kama hanyar Agadas, da ya wuce Tanut sai ya ga gonakin gero suna raguwa kaɗan-kaɗan har su ɓace, fili ya buɗe, kandili da aduwa su zama su kaɗai ne inuwa. Nan ce ƙasar Tenhya, a gefen arewa na Damargu, wajen iyakar nan da dokar 1961 ta shata tsakanin noma da kiwo. Ƙasa ce ta rijiyoyi masu zurfi, da raƙuma, da shanu masu dogayen ƙaho, ta Abzinawa da Fulani, inda Hausa take harshen kasuwa da na gaisuwa tsakanin waɗanda ba su jin yaren juna. Can aka tura wani matashin malamin lakwal, haifaffen birnin Damagaram, domin ya koya wa ƴaƴan makiyaya karatu a cikin rumfar zana. Ba wanda ya wahalar da kansa wajen riƙe sunansa. Yaro da babba Mushe suke ce masa, har shi ma ya saba.

Mushe ya iso da akwatin littattafai, da katifa, da ƴar shuɗiyar buta, da kuma cikakken tabbacin cewa ya iya shayi. To, ina laifinsa? Ɗan fada ne. Tun cikin shekarun 1990 samarin Damagaram suka mayar da bakin titi zauren hira, kowace fada da sunanta da tabarmarta da murhunta na waya, kuma shekara da shekaru shi ne mai riƙon buta a tasu fadar. Ya san yadda ake ɗaga hannu sama a tsiyayo shayi kamar zare, ya san yadda ake tayar da kumfa har ta kai rabin finjali. Abokansa sun sha yaba masa, shi kuwa ya yarda da su.

A makon farko wani dattijon Ba'abzine, wanda jikokinsa uku suke cikin ajin, ya zo yi masa barka da zuwa. Mushe ya hura gawayi, ya dafa, ya miƙa. Dattijon ya sassauta amawali, ya kurɓa, ya shanye finjalai ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Sannu da aiki, Mushe.” Bai ƙara ko kalma ba. Amma washegari da la'asar sai ga shi tafe, jikansa yana biye da shi riƙe da buta da murhu da jakar fata. Wannan ita ce duk tsawar da ya yi masa, kuma Mushe ya ji ta har cikin ƙashi.

Daga ranar ya koma ɗan aji ɗaya. Ya koyi cewa ba a ɗora buta a kan wuta mai harshe, sai garwashin da ya kwanta. Ya koyi ɗauraye ganye da ɗan ruwan zafi a zubar kafin a soma, domin ƙura da kaifin ɗaci su tafi. Ya koyi cewa kumfa ba ado ba ce kawai: juye-juyen nan daga buta zuwa finjali, daga finjali zuwa buta, shi ne yake narkar da sukari, ya gauraya shayin, ya rage masa zafi daidai baki. Ya koyi wa ake fara miƙa wa, da wane hannu, da kuma cewa mai dafawa dole ya ɗanɗana kowane zagaye kafin ya raba, domin bakinsa ne ma'aunin kowa. Maganar nan da ake bugawa a bayan katin ƴan yawon buɗe ido, wai finjali na farko yana kama da kaza, na biyu da kaza, na uku da soyayya, Mushe bai taɓa jin ta daga bakin dattijon ba. Shi abin da yake cewa bai wuce “ya yi” ko “bai yi ba tukuna”.

Abin mamaki, ganyen da aka gina wannan ladabi duka a kansa ba ya tsirowa ko'ina a Sahel. Daga ƙasar Sin yake zuwa: koren ganye ne, wani a murje shi ƙwaya-ƙwaya kamar harsashin bindigar toka, wanda lardin Jejiyan ya yi suna da shi, wani kuma siriri a lanƙwashe kamar gira. Lambobin da ake gani a jikin kwali, irin su 41022, alamar darajar ganyen ce a wurin masu fitar da shi. Masana tarihi da yawa suna danganta yaɗuwarsa a Maroko da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da fataken Ingila suka rasa kasuwanninsu na arewacin Turai, suka karkato da hajarsu zuwa Tanja da Mogador. Daga arewacin Afirka ya tsallako hamada a bayan raƙuma. A ƙarshen ƙarni na 19 ayarin da suke tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gat da Abzin, su ratsa Damargu zuwa Damagaram da Kano, suna ɗauke da shi tare da sukari da takarda da yadi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fataucin hamada ya durƙushe, amma shayi ya riga ya sami wurin zama a kan tabarma, bai sake tashi ba. Ko sunansa ma ɗan tafiya ne. Kalmar shayi ta zo ta bakin Larabawa, asalinta kuwa ca ce ta Sinanci. Ita kuma thé da Mushe yake rubuta wa yara a allo da Faransanci, daga te ta fito, yadda mutanen gaɓar tekun Fujiyan suke faɗa, fataken Holan suka kai ta Turai a ƙarni na 17. Ganye ɗaya, suna biyu, ɗaya ya biyo ƙasa ɗaya ya biyo ruwa, suka zo suka haɗu a rumfar zana a Tenhya.

A shekara ta uku ta zaman Mushe, dattijon ya soma rama, ga yawan ƙishirwa, ga tashi cikin dare. Babban ɗansa ya kai shi Damagaram, likita ya auna jini ya ce ciwon sukari ne, ya ba da magani, ya kuma kafa sharaɗi: a bar sukari. Ga mutumin birni wannan magana ce ta cokali ɗaya ko biyu. Ga wanda ya yi shekara hamsin yana shan finjali tara a yini, kowane da sukarin da zai ɗaure leɓe, magana ce ta rayuwa ɗungurungum. Ya gwada shan nasu ba sukari, sau ɗaya, ya tofar. Koren ganyen da aka tafasa minti ashirin a kan garwashi, in ba sukari, sai a ce saƙar maɗaci aka jiƙa. Kuma tunda mai dafawa sai ya ɗanɗana, wanda aka hana ɗanɗano an hana shi buta ke nan. Ya miƙa wa ɗansa jakar fatar. Kwana kaɗan yana zuwa ya zauna a gefen tabarma, finjali yana wuce shi hagu da dama, mutane suna jin nauyin sha a gabansa. Da ya lura da haka sai ya daina zuwa. Da la'asar akan hango shi shi kaɗai a inuwar bukkarsa, yana jan carbi, yana kallon wajen rijiya. Shari'o'in da ake kashewa a bakin buta, rikicin layin shayarwa, batun auren wance, maganar wanda ya cire ɗansa daga lakwal ya tura shi kiwo, duk suka rasa mai yanke su da kalma biyu. Mushe kansa ya rasa wanda yake dawo masa da yara aji.

Ana nan sai ƙanen Mushe ya aiko da saƙo ta hannun direban motar kasuwa. Shi ƙanen yana aiki a matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 a ƙasar Olelewa, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, da haɗin gwiwar kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Wani abokin aikinsa Basine, mutumin Fujiyan, ya ba shi kyautar jan gwangwani lokacin bikinsu na sabuwar shekara. Da ya ji an ce shayi ne, ya ce ai yayansa ne masanin shayi, ya aiko. A cikin gwangwanin akwai ƙunshi goma sha biyu na takardar gwal, kowane bai fi a rufe shi a tafin hannu ba. Mushe ya yage ɗaya. Maimakon koren ganyen da ya sani, sai ga wasu dogayen ganyaye baƙaƙe, a murɗe kamar busasshen rama, suna ƙamshin abin da ya kwana kusa da wuta.

Ya yi masa abin da ya iya. Ya zuba a shuɗiyar buta, ya tafasa, ya jefa sukari, ya tayar da kumfa. Abin da ya fito baƙi ne wuluk, ga ƙauri, ga maƙaƙi a maƙogwaro, sukarin ma ya kasa rufe masa asiri. Ya ce ko ganyen ya yi yawa, ya sake da ƙunshi na biyu, ya raba shi gida biyu, ya ƙara na'ana'a. Duk kanwar ja ce. Ya ajiye gwangwanin a bayan akwati, yana cewa a ransa Sinawa sun sayar wa duniya mai kyau, sun bar wa kansu ƙonanne.

Sai bayan mako biyu, ran da ya hau tudun da ake samun rezo, ƙanen ya tambaye shi labarin shayi. Da ya ji yadda aka yi da ƙunshi biyu, ya ce bari ya kira mai kyautar. Ta bakin ƙanen, cikin Faransancin da ya ratsa ta Sinanci ya fito ta Hausa, Mushe ya ji abin da ya ɓarnatar.

Sinawa suna kiran irin wannan ganye yanca, wato shayin dutse. Yana fitowa daga duwatsun Wuyi, a arewacin lardin Fujiyan, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1999. Jajayen duwatsu ne masu tsayi, tsakaninsu kwazazzabai ƙunci, hazo yana kwana a ciki, rana ba ta leƙawa sai na ƴan sa'o'i. Bishiyoyin shayi suna tsirowa a cikin ƙasar da ta samu daga marmashewar dutsen. Tsiron dai shi ne wanda yake ba da koren ganyen Tenhya da baƙin ganyen Lipton na mai shayin tasha. Aikin hannu ne ya raba su. Koren ganye ana kashe shi da zafi nan take bayan tsinka, don kada ya sauya. Baƙi kuwa ana barinsa ya sha iska har ya rine gaba ɗaya. Wanda ake kira ulon yana tsakiya: a tsinko shi wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a shanya ya yi laushi, a riƙa girgiza shi a faifan gora dare guda domin gefen ganyen ya ƙuje ya yi ja alhali tsakiyarsa tana kore, sannan a tsayar da shi a kasko mai zafi, a murza, a busar. Abin da ya bambanta na Wuyi shi ne gashi. Ana zuba ganyen a kwandunan gora, a ɗora a kan ramin garwashin da aka lulluɓe da toka, babu harshen wuta babu hayaƙi, ya yi sa'o'i masu yawa ana juyawa. A sauke, a bar shi ya huta makonni, a sake mayarwa, wani har sau uku. Bayan nan ma ba a gaggawar sha, sai an bar shi watanni wutar ta sauka daga jikinsa. Na cikin gwangwanin sunansa Rou Gui, ma'ana kirfa, ko da yake ba a sa masa kirfa ko ƙwaya ɗaya ba. Ƙamshin daga ganyen yake. Mafi shahara a danginsa shi ne Da Hong Pao, wanda iyayen bishiyoyinsa guda shida suke maƙale a jikin wani dutse, kuma tun 2006 aka daina tsinkar su. A ƙarshen Nuwamba na 2022 UNESCO ta sa sana'ar sarrafa shayi ta Sinawa cikin al'adun gadon ɗan Adam, kuma a Rabat aka yi zaman, babban birnin ƙasar da ta daɗe tana gaba wajen sayen koren ganyensu.

Umarnin da mai kyautar ya aiko gajere ne, kuma kowane sashe nasa ya saɓa wa abin da Mushe ya sani. Ba a ɗora ganyen a wuta. Ruwa kaɗai ake tafasawa. Ƙunshi guda, wajen giram 8, ana juye shi duka a ɗan kwanon tangaran mai murfi wanda bai fi cin finjali biyu ba. A zuba tafasasshen ruwa, a tsiyaye nan da nan. Zubi na farko da na biyu sakan kaɗan ne, daga nan a riƙa ƙara jinkiri. Ganye ɗaya zai ba da zubi bakwai ko takwas. Sukari kuwa, ko a mafarki.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana Mushe barci a daren. Ashe akwai shayin da tun asali ba a yi shi domin sukari ba.

Amma bai garzaya wurin dattijon ba, kuma ya yi daidai, domin wanda bai iya abu ba in ya kai wa mara lafiya, ya ƙara masa ciwo ne. Ya ware ƙunshi uku na koyo. Shuɗiyar buta ba ta yi ba, shekarun sukari da na'ana'a sun kama cikinta. Sai ya samo kofin tangaran a kasuwar Tanut, ya rufe shi da ɗan faranti. Ranar farko ya ƙone yatsu, rabin ruwan ya zube a tabarma. Abin da ya rage ja ne garau kamar zuma a rana, ya kurɓa, bai ji komai ba sai ruwan zafi mai ƙauri. Harshen da ya saba da duka ba ya jin shafa. Ya kwana uku bai sha na fada ba, don bakinsa ya huce, sannan ya sake.

A nan ne malamin harshe ya gamu da aikinsa. Ya buɗe littafin rubutu ya ce zai rubuta abin da ya ji a kowane zubi, da Faransanci, kamar yadda aka koya masa rubuta duk abin da yake da muhimmanci. Ya rubuta amer, ya tsaya. Ba ɗaci ba ne, ko kuma ba ɗaci kaɗai ba. Da ya juyo Hausa sai ya tarar da rumbu cike, wanda bai taɓa buɗewa a aji ba. Akwai ƙauri, na abin da wuta ta taɓa. Shi ne ya cika zubin farko. Akwai bauri, wanda yake ɗaure harshe kamar ɗanyen bagaruwa. Yana zuwa in ya yi jinkirin tsiyayewa. Akwai garɗi, na gyaɗar da aka soya a rairayi. Ya same shi a zubi na uku. Akwai maƙaƙi, akwai lami, akwai zartsi, akwai ɗan yaji-yaji da yake tsikarar gefen harshe, watakila shi ne kirfar da ake faɗa. Kalmomin nan duk mahaifiyarsa tana amfani da su a bakin murhu, amma ba ko ɗaya da ya taɓa gani a littafin karatun yara. Abin da ya gagare shi suna shi ne wani abu da yake tasowa bayan an haɗiye, daga can ƙasan maƙogwaro, ba a kan harshe ba. Ya bar wurin fili a takarda.

Ranar da ya yi niyya, sai wata damuwa ta tare shi a hanya. A ƙasar nan miƙa wa babba shayi ba sukari daidai yake da ce masa ba a yi murna da zuwansa ba. Kuma kai wa mara lafiya abin da ya yi kama da magani a finjali, tuna masa ciwonsa ne. Don haka bai ce ya kawo masa shayi ba. Ya durƙusa, suka gaisa, ya ce, “Baba, wani ganye aka aiko mini daga Sin, ya gagare ni. Na ce bari in kawo a duba mini.”

Dattijon ya karɓi ƙunshin, ya zazzage a tafin hannu, ya kai hanci, ya daɗe. Ya ce, “Wannan ya ga wuta, ba sau ɗaya ba. Kuma ba harshenta ya gani ba, toka aka rufa mata.” Mushe bai gaya masa komai game da kwandunan gora ba. Ya tafasa ruwa, ya yi zubin farko, ya miƙa. Dattijon ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce, “Ruwan ina ne wannan?” Mushe ya ce na rijiyar lakwal. Ya girgiza kai. “Wannan rijiyar ta raƙuma ce, yarona, tana da kanwa. Sukari ne yake ɓoye muku ita.” Ya kira jikansa ya aike shi da salka wata rijiya can bayan tudu, tafiyar da ta ci kusan sa'a guda, suka zauna suna jira, ganyen yana cikin kofi a rufe. Makiyayin da ya yi rayuwarsa yana bambanta rijiya da rijiya da bakinsa, wadda take sa dabba ƙiba da wadda take sa ta zawo, bai buƙaci a fassara masa abin da masu shayin Sin suka daɗe suna faɗa a kan ruwa ba. Ruwa mai gishiri da kanwa yana dushe launin shayi, ya danne ƙamshinsa. Mushe ya yi mako uku yana zargin hannunsa da harshensa, ashe rabin laifin na rijiya ne.

Da ruwan ya zo, dattijon ya ce a ba shi kofin. Mushe ya nuna masa yadda ake danne faranti da yatsa. Maganar sakan kuwa bai karɓe ta ba; ya ce a gaya masa da carbi. Suka daidaita a kan ƙwaya biyar a zubi na biyu, bakwai a na uku, haka har sama. A na uku ya yi shiru mai tsawo, idonsa a rufe. Can ya ce a ba shi ruwan sanyi, ya kurɓa, ya yi murmushin da aka kwana biyu ba a gani ba.

“Goro,” in ji shi. “Ka ci goro ka sha ruwa, me kake ji?”

Mushe ya ce, “Zaƙi, Baba.”

“To, shi ne nan. Zaƙin da ba a zuba ba.”

Abin da ya bar wa fili a takarda ke nan. Sinawa suna ce masa hui gan, zaƙi mai dawowa, kuma yana cikin abin da suke auna darajar ganye da shi. Akwai wani kuma da suke kira yan yun, amon dutse, wani nauyi mai sanyi da yake zama a baki kamar an tsotsi tsakuwar rafi. Masana shayin kansu suna gardama a kan ko daga ƙasar yake ko daga gashin. Da Mushe ya ba shi labarin duwatsun Wuyi da sunan ganyen, dattijon ya yi dariya har amawali ya zame. Ya ce shi tun yana yaro yake jin Hausawa suna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, yana ɗauka zancen manoma ne, ashe akwai waɗanda suka dafa.

Kada mai karatu ya ɗauka an zo wurin da za a ce na Sin ya fi na Damargu. Dattijon da kansa ya raba gardamar a zubi na shida, lokacin da ruwan ya koma fari-fari, garɗin ya tafi, sai wani ƙamshi kamar na busasshen dabino. Ya ce, “Wannan shayin masu ƙoshi ne.” Gaskiya ya faɗa. Shayin makiyayi abinci ne: wanda ya fita da asuba da ɗan cuku da gumba, ya yini yana jan guga, sukarin nan da ƙarfin ganyen nan su ne suke riƙe masa ƙafa har faɗuwar rana. Ba wanda zai ja raƙumi kwana goma da ruwan ƙamshi. Shi kuwa na dutse yana son wanda ya ci ya ƙoshi, ya zauna, ba abin da yake nema a finjali sai finjalin. Abin da ciwo ya yi wa dattijon shi ne ya fitar da shi daga sahun farko ba tare da shawararsa ba, kuma ba wanda ya gaya masa akwai sahu na biyu.

Ƙunshi shida suka rage, suka yi musu tsari: ɗaya kowace Juma'a bayan la'asar. Juma'a ta biyu mutum huɗu suka zo kallo. Wani Bafulatani ya kurɓa ya ce an manta da sukari, aka yi dariya, dattijon ya ce masa ya jira, ya ba shi ruwa. Wasu sun ji, wasu sun ce su dai ba su ji komai ba, kuma ba a tilasta musu ba. Juma'a ta uku aka kawo maganar wani yaro da ubansa ya cire daga aji, aka kashe ta tsakanin zubi na huɗu da na biyar. Ran Litinin yaron ya dawo da allonsa.

Tun kafin gwangwanin ya ƙare dattijon ya soma gwaji da ganyen gida. Ya ce in dai wuta ce take fito da ɗacin, to a raba ganyen da wuta. Ya riƙa zuba wa koren ganye ruwan da ya ɗan huce, ya ja ƙwaya goma, ya tsiyaye wa kansa finjali guda, sannan ya mayar da sauran a buta ya ɗora a garwashi domin jama'a. Ba ya kai na dutse, shi ma ya faɗa, yana da bauri kuma zaƙinsa ba ya daɗewa. Amma yana shayuwa. Ɗanɗanon sukari kuwa ya ɗora wa babban jikansa, ɗan aji biyar, wanda yake zama a damansa yana kurɓa yana cewa “ya yi” ko “bai yi ba tukuna”, da irin muryar kakan. Jakar fata ta koma hannun mai ita.

Da ruwan farko ya sauka, lakwal ta tashi hutu, makiyaya suka soma ɗaure kaya za su bi ciyawa arewa. Ƙunshi ɗaya ya rage. Mushe ya kawo shi ranar sallama, ya ce a dafa. Dattijon ya karɓa ya sa a cikin jakar da yake ratayawa a wuya, ya ce akwai wani tafki a kan dutse, tafiyar kwana huɗu daga nan, wanda ruwansa ba shi da kanwa ko kaɗan. Can zai dafa shi, in Allah ya kai su. Har ya kama akalar raƙumi sai ya juyo.

“Mushe, in ka hau tudu ka tambayi ƙanenka. Mutumin nan da yake gasa ganyen, da gawayin wane icce yake yi?”

Mushe ya ciro littafin daga aljihu, ya rubuta tambayar a ƙarƙashin zubi na takwas.